Ƙanwata na da MS: a duba jijiyoyin jinin wuya ko a bari?

Assalamu alaikum. Likitoci, ku taimaka mana.

Ƙanwata ce a nan Katsina. Idonta na dama ya fara dishi-dishi, ƙafafu suka riƙa mutuwa, fitsari yana kufce mata. Hoton MRI a Kano ya nuna MS, wato garkuwar jiki tana cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Allurar sitiroyid ta lafar da ciwon, amma da zafin Afrilu ya shigo, da rana ko banɗaki sai an riƙe ta. Bitamin D ɗinta ya yi ƙasa, tana shan ƙwayar, ba sauyi.

Yanzu wani dillalin asibitocin waje ya matsa wai jijiyoyin jinin wuyanta ne suka tsuke suka jawo ciwon, a buɗe su. Wani likitan Italiya mai suna Paolo Zamboni ne ya yaɗa wannan ra'ayi a 2009, kuma gwajin da shi kansa ya jagoranta, wanda ya fito a 2017, bai nuna amfani ba. Baba kuwa har ya sa gona a kasuwa, hankalina ya tashi.

Akwai dalilin duba jijiyoyin wuyan, ko mu ajiye kuɗin don maganin da likitan jijiya ya rubuta?