Tambaya kan halin tattalin arzikin 'yan asalin Panama da 'yan asalin Maleshiya a Amurka

Ɗalibin Tattali ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman haske a kan wani al'amari da ya shafi kwatanta al'ummomin baƙi mazauna Amurka, musamman 'yan asalin Panama da 'yan asalin Maleshiya. Idan aka dubi ƙasashen biyu, abin da kowane mutum ɗaya ke samu a ƙididdigar arzikin ƙasa ya fi yawa a Panama, domin a shekarar 2023 ya haura dala 18,000, alhali na Maleshiya bai kai dala 12,000 ba. Amma a cikin Amurka, binciken cibiyar Pew na alƙaluman 2019 ya nuna cewa kashi 65 cikin ɗari na manyan 'yan asalin Maleshiya suna da digiri, wanda ya zarce na 'yan Panama nesa ba kusa ba. Duk da wannan ilimi, akwai shekarun da alƙaluman talauci suka nuna 'yan Maleshiya a cikin al'ummomin Asiya da suka fi fama da rashi. Tambayata ita ce, wace al'umma ce a cikin biyun ta fi samun sauƙin rayuwa, kuma ta yaya mutanen da suka fi ilimi za su bayyana a matsayin masu yawan talauci? Shin bambancin daga al'ada da tarbiyya yake, ko kuwa akwai wani dalili na daban?

Malamin Ƙididdiga ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yanke hukunci a kan wanda ya fi wani, wajibi ne a san waɗanda aka ƙidaya, domin Hukumar Ƙidaya ta Amurka ba ta tattara bayanan al'ummomin nan biyu ta ƙofa ɗaya. Ɗan Panama yana bayyana kansa ne a ƙarƙashin tambayar da ta shafi asalin ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, shi kuwa ɗan Maleshiya yana bayyana ne a ƙarƙashin tambayar launin fata, cikin rukunin mutanen Asiya. A nan matsalar farko take. Mutumin da aka haifa a Penang ko Ipoh a Maleshiya amma kakanninsa Sinawa ne, sau da yawa zai rubuta cewa shi Basine ne, haka ma wanda kakanninsa suka fito daga kudancin Indiya zai iya rubuta Ba'indiye. Saboda haka waɗanda suka amsa sunan Maleshiya ba su wuce 'yan dubbai goma-goma ba, kuma sun gaza yawan waɗanda aka haifa a ƙasar suke zaune a Amurka. 'Yan asalin Panama kuwa sun haura 200,000.

Matsala ta biyu ita ce ƙanƙantar adadin. Binciken shekara-shekara da hukumar ke yi a kan kuɗin shiga ba kowane gida yake shiga ba, ana zaɓen adireshi kimanin miliyan 3.5 ne a duk faɗin ƙasar. Idan al'umma ƙarama ce, gidajenta da za su faɗo cikin zaɓen kaɗan ne, kuma iyalai 'yan ƙalilan na iya ɗaga alƙalami ko su sauke shi daga shekara zuwa shekara. Shi ya sa mai aiki da hankali yake amfani da alƙaluman shekaru biyar a haɗe, yana kuma duba tazarar kuskuren da hukumar ke bugawa a gefen kowane adadi.

Game da talaucin da ya ba ka mamaki, babban dalilinsa ɗalibai ne. Ma'aunin talauci na Amurka yana cire waɗanda ke kwana a ɗakunan kwanan jami'a, amma yana ƙidaya ɗalibin da ya kama haya a cikin gari. Matashin da gwamnati ko iyayensa ke biya wa kuɗin makaranta, wanda bizarsa ba ta ba shi damar yin cikakken aiki ba, zai bayyana a takarda ba shi da abin hannu, ko da kuwa bai taɓa kwana da yunwa ba. A cikin al'umma mai mutum miliyan ɗaya irin waɗannan ɗalibai ba za su sauya komai ba, amma a cikin ƙaramar al'umma nauyinsu babba ne.

Bazazzagiya ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan ƙidaya, ni kuma zan so a ba tarihi haƙƙinsa, musamman a ɓangaren Panama, domin ina ganin ba a yi wa mutanen nan adalci idan aka tsaya a kan yawan digiri kawai. Da yawa daga cikin tsofaffin iyalan Panama da ke New York baƙaƙen fata ne, jikokin leburorin da aka kwaso daga tsibiran Karebiyan domin haƙa mashigin ruwan Panama tsakanin 1904 da 1914. Daga Barbados kaɗai an ɗauko kusan mutum 20,000 da kwangila. Hukumar aikin ta raba ma'aikata gida biyu, jerin zinariya na fararen Amurkawa da jerin azurfa na sauran, kuma rabon bai tsaya a kan albashi ba, ya kai ga gidaje da makarantu da kantuna har da wurin shan ruwa. Mutum sama da 5,600 ne suka mutu a lokacin aikin Amurkawa, mafi yawansu daga cikin waɗannan leburori.

Bayan an gama aikin, 'ya'yansu sun tsinci kansu a tsaka mai wuya. Tsarin mulkin Panama na 1941, a zamanin shugaba Arnulfo Arias, ya hana 'ya'yan baƙaƙen da harshensu na asali ba Sifaniyanci ba ne zama 'yan ƙasa, kuma ko da yake an soke wannan a 1946, tabon ya zauna a zukata. Sai kuma yarjejeniyar 1955 tsakanin Panama da Amurka, wadda ake kira ta Remón da Eisenhower, ta zo ta janye wa ma'aikata da yawa damar sayayya a kantunan yankin mashigin masu rahusa, ta kuma ba gwamnatin Panama ikon karɓar haraji daga albashinsu. A daidai wannan lokaci dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 ta ƙuntata wa mutanen tsibiran da ke ƙarƙashin Birtaniya, amma ba ta sa wa Panama ƙayyadadden adadi ba tunda ƙasa ce mai cin gashin kanta. Ta haka dubban iyalai suka nufi Brooklyn da ke birnin New York, suka zauna a unguwanni irin su Crown Heights da Flatbush, inda har yanzu ake faretin 'yan Panama a watan Oktoba.

Abin da ya kamata ɗan'uwa mai tambaya ya lura da shi shi ne abin da suka zo da shi. Sun zo da Turanci a bakinsu, sun saba da dalar Amurka wadda take yawo a ƙasarsu tun 1904, sun kuma san tsarin aikin ofis na Amurkawa. Wannan ya buɗe musu aikin jinya da na asibitoci da na ofisoshi da na hukumomin birni, ayyukan da ba sa mai da mutum attajiri amma suna da tabbas da fansho. Akwai kuma rukuni na biyu da ya shigo ta hanyar soja, domin Amurka ta daɗe da sansanoni a yankin mashigin, hedikwatar rundunarta ta kudu ba ta koma Miami ba sai 1997, kuma ba a miƙa mashigin ga Panama ba sai 31 ga Disamba 1999. An yi auratayya sosai tsakanin sojoji da matan Panama, shi ya sa ake samun al'ummarsu a garuruwan barikoki irin su Killeen a jihar Texas da Fayetteville a North Carolina. Sakamakon duk wannan shi ne al'umma mai yawan masu takardar zama ɗan ƙasa, wadda iliminta ya ɗara matsakaicin na sauran masu asalin ƙasashen Sifaniyanci. Sai dai kada a manta cewa baƙin mutum da ya isa Brooklyn a shekarun 1950 ya tarar da wariyar gidaje da ta bashin banki, kuma abin da aka hana kaka ya mallaka a wancan lokaci jika ba zai gada ba a yau.

Baban Hafsat ya amsa:

Na gode wa Malama da wannan tarihi. Ni a Maleshiya na yi karatun digirina na uku, kamar yadda malaman jami'o'inmu da yawa suka yi, don haka zan yi magana a kan wancan ɓangaren, kuma ina da ɗan saɓani da Malamin Ƙididdiga. Gaskiya ne ɗalibai suna kumbura alƙaluman talauci, amma ba zan yarda a ce duk talaucin na takarda ne ba. Bayan karayar tattalin arzikin tsakiyar shekarun 1980, da kuma rikicin kuɗi na Asiya a 1997 da 1998 wanda ya sa gwamnati ta ɗaure darajar kuɗin Maleshiya, ringgit, a kan 3.80 ga dala ɗaya, mutane da dama sun tafi New York neman abinci ba neman ilimi ba. Yawancinsu Sinawan Maleshiya ne da suka shiga aikin gidajen abinci a Flushing da unguwar Sinawa ta Manhattan, wasunsu ma bizarsu ta ƙare suka ci gaba da zama. Waɗannan talakawa ne na haƙiƙa, kuma su ne ƙidaya ta fi saurin tsallakewa.

Dangane da masu digirin kuwa, tushen lamarin yana cikin siyasar ƙasar. Bayan tarzomar ƙabilanci ta 13 ga Mayu 1969, gwamnati ta ƙaddamar da Sabon Tsarin Tattalin Arziki a 1971 domin ɗaga 'yan ƙabilar Malay da sauran 'yan asalin ƙasa, waɗanda ake kira bumiputera, har da burin su mallaki kashi 30 cikin ɗari na hannun jarin kamfanoni. Tsarin ya haifar da ƙaura iri biyu. A gefe ɗaya hukumomi irin su MARA da kamfanin mai na Petronas sun tura matasa karatu waje da kuɗin gwamnati, kuma da Birtaniya ta ƙara wa baƙin ɗalibai kuɗin makaranta a 1980, sai akalar ta karkata zuwa Amurka, har ɗaliban Maleshiya suka haura 20,000 a can a tsakiyar shekarun 1980. Mafi yawan waɗannan sun koma gida saboda sharaɗin yi wa gwamnati aiki. A ɗaya gefen kuma, iyalan Sinawa da Indiyawa da suka ga guraben jami'o'in gwamnati sun ƙuntata gare su sun tara kuɗi sun tura 'ya'yansu da kansu, kuma su ne suka fi zama bayan kammala karatu. Rahoton Bankin Duniya na 2011 ya ƙiyasta 'yan Maleshiya mazauna waje da kusan miliyan ɗaya, kashi ɗaya cikin uku ƙwararru ne, kuma fiye da rabinsu suna Singafo ne. Amurka ta samu kaso ƙarami, amma wanda aka tace ta hanyar jarrabawa da biza da kuɗin makaranta.

Don haka amsata ga batun al'ada ita ce, kashi 65 ɗin nan ba hoton Maleshiya ba ne, hoton waɗanda ƙofar ta bari suka wuce ne. Irin wannan kuskuren muke yi idan muka ji an ce 'yan Najeriya suna cikin baƙin da suka fi ilimi a Amurka, muka ɗauka hakan yana nuna lafiyar makarantunmu na gida.

Ɗalibin Tattali ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, malamaina. Na fahimci cewa al'umma ɗaya ta shigo ta hanyar aiki da aure tun shekaru masu yawa, ɗayar kuma ta shigo ta hanyar makaranta daga baya. Amma har yanzu ina son sanin ma'aunin da ya fi dacewa in riƙe idan dole sai na kwatanta su a rubutun da nake shiryawa, domin malamin da ke duba aikina zai nemi alƙalami, ba tarihi kaɗai ba.

Malamin Ƙididdiga ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran Baban Hafsat, domin abin da ya faɗa yana nufin al'ummar Maleshiya ta rabu gida biyu masu nisa da juna, kuma adadi ɗaya na tsakiya ba zai nuna wannan rabuwa ba. Shawarata gare ka, Malam, ita ce kada ka dogara da sunan asali, ka yi amfani da ƙasar haihuwa, wadda hukumar ke tambaya daban, domin ta haka Basine da Ba'indiye da Malay da aka haifa a Maleshiya za su shiga lissafi ɗaya. Bayan haka ka ware masu shekara 25 zuwa 64 da ba sa makaranta, ka kwatanta abin da masu cikakken aiki ke samu, kuma ka jera masu digiri da masu digiri, marasa digiri da marasa digiri. Ina sa ran za ka ga ƙwararrun Maleshiya a gaba wajen albashi saboda yawansu a aikin injiniya da kwamfuta da harkar kuɗi, za ka kuma ga 'yan Panama sun fi taruwa a tsakiya, da ƙarancin tazara tsakanin na sama da na ƙasa, amma wannan hasashe ne da aikinka zai tabbatar ko ya rushe.

Kada kuma ka bar batun wurin zama a baya. Layin talauci na gwamnatin tarayya iri ɗaya ne a Brooklyn da Killeen, alhali kuɗin haya a wuraren biyu ba su ma yi kusa ba, saboda haka iyali biyu masu albashi ɗaya na iya zama ɗaya cikin ƙunci ɗaya cikin walwala. Hukumar tana da ƙarin ma'aunin talauci da take bugawa tun 2011, wanda ke la'akari da tsadar gidaje da haraji da tallafin gwamnati, kuma shi ya fi kusa da abin da kake nema. Ka ƙara da yawan masu gidan kansu a kowace al'umma, tunda binciken shekara-shekara ba ya tambayar dukiyar da iyali suka tara, kuma mallakar gida ita ce alamar da za ta fi nuna maka tasirin wariyar da Malama ta ambata.