Jaririn ƙanwata yana ƙarƙashin fitila, wa ya taɓa ganin irin wannan?

Maman Biyu, Aboabo:
Salamu alaikum. Ƙanwata ta haihu shekaranjiya, yaron bai kwana ɗaya ba idonsa ya yi ɗorawa. Likita ta ce shawara ce ta saɓanin jini: rukunin jinin uwar O ne, nasa B, sai garkuwar jikinta ta ratsa ta mabiyiya tana farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Yanzu yana asibiti ƙarƙashin fitilar maganin shawara. Tsofaffinmu sun matsa a dawo da shi gida a riƙa shanya shi a hantsi. Don Allah a ba mu shawara.

Hajiya, Asawase:
Kada ku kuskura, 'yata. Shawarar da ta fito a ranar farko ba ta hantsi ba ce. Ni nawa wani saɓanin ne daban, na Rh: jinina negatif, na maigidan fozitif. Ɗan fari lafiya lau. Na yi ɓari a ciki na biyu, inda aka wanke ni ba wanda ya ce min akwai wata allura anti-D, mai hana jikin uwa yin garkuwar da za ta yaƙi jinin jariri na gaba. Ta ukun ce ta sha wuya. Fitila ta kasa, sai a asibitin Komfo Anokye na Kumasi suka sauya mata jini ta jijiyar cibiya, su zuƙi nata kaɗan su zuba sabo kaɗan. Likitan ya ce da mun makara abin zai hau ƙwaƙwalwa, ta kurumce ko ta kasa zama. Yau ga ta tana zuwa makaranta.

Baban Yara, Sawaba:
Allah ya saka, Hajiya. Iyalina ma negatif ce, amma tun a awon ciki aka gano. An yi mata allurar a mako na 28, aka ƙara cikin awa 72 da haihuwa. Akwai tsada, ba ƙarya, sai da na taɓa kuɗin ragon suna. Maza, ku duba katin awon matanku.

Maman Auta, Tafo:
Yaya Maman Biyu, naku irin nawa ne, anti-D ba ta shafe shi ba, kuma yawanci ya fi sauƙi. Fitila kawai aka sa wa nawa, an rufe masa ido, daga shi sai kunzugu. Ƙanwarki ta ci gaba da ba shi nono sosai, ta kashi shawarar ke fita. Kuma ku kwashe kafur daga akwatin kayansa, yana ƙara fasa jinin wasu jariran.

Maman Biyu, Aboabo:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Inna amsar Hajiya, ta ce a bar shi a asibitin. Gobe da safe za su sake auna jinin.