Ruwa na tsallake layin kakin da na zana a takarda, ina mafita?

Dalibi_Bio:
Slm ƴan uwa. Ina ƙoƙarin haɗa ƴar takardar gwaji irin wadda ruwa ke bin siraran hanyoyi da kansa ba famfo ba batir. Na goga kyandir a takardar tace Whatman lamba 1 na zana hanyoyin, amma da na ɗiga ruwan zoɓo sai kawai ya bi ta ƙarƙashin layin ya watsu ko'ina. Wani ya ce in sayi feshin korar ruwa, NeverWet ko Rain-X, ya kuke gani?

Malama_Kimiyya:
Wslm ƙanena. Kakinka a sama ya tsaya, bai ratsa takardar ba, shi ruwa kuma ta cikin zaren takardar yake tafiya ba ta saman ba. Sai ka narka shi. Kyandir na narkewa ne wajen digiri 60, to sa takardar tsakanin falle biyu na foyil ka ɗora dutsen guga ba da zafi sosai ba har sai ka ga layin ya fito ta baya, ɗaga ta a hasken taga duk inda bai jiƙe da kaki ba nan zai yi yoyo. Amma fa kaki in ya narke yana bazuwa gefe, hanyar za ta tsuke, don haka ka bar mata faɗi tun wajen zane. Ɗakin binciken Farfesa Whitesides a jami'ar Harvard ne suka fito da fasahar irin wannan takardar gwaji a 2007, a 2009 suka koma buga hanyoyin da kaki ta firintar Xerox, su ma sai sun gasa takardar bayan bugu.

Injiniya_Gaya:
Feshin nan kar ka ɓata kuɗinka wlh. Rain-X don gilashin mota aka yi shi, a kan gilashi yana aiki, NeverWet kuma zai mayar da takardar gaba ɗaya kamar ganyen gwaza, ɗigo ya dunƙule ya gangare ya ƙi shiga, kai kuwa so kake ruwan ya shiga wani wuri ya ƙi wani. In wasa da ɗigo kake so a kan faranti irin na'urar OpenDrop da ake tura ɗigo da lantarki, to nan ne ake neman farfajiya mai korar ruwa.

Malama_Kimiyya:
Ƙarin bayani, wannan yana da muhimmanci sosai, in ruwan gwajinka akwai sabulu ko sifirit a ciki zai iya keta kakin ko da kakin ya ratsa takardar da kyau, saboda suna rage ƙarfin fatar ruwa, wato ƙarfin da ke sa ɗigo ya dunƙule. Fara da zoɓon tukuna.

Dalibi_Bio:
Allah ya saka da alheri Malama, na gasa kuma ya riƙe! Da na ɗiga ruwan kanwa a ɗaya bakin har launin ya canza inda suka haɗu. Kakin zuma fa zai yi? Shi ne a wadace a wajenmu.