Wai Sarkin Mali ya riga Kolumbus taka Amurka?

Ɗan Dala: Jama'a, ina nan kan bakana. Sarkin Mali ya riga Kolumbus, Baturen da ya isa Amurka a 1492, da kusan shekara 180. Mansa Musa da bakinsa ya ba da labarin a Alƙahira a 1324, kan hanyarsa ta hajji. Sarkin da Musa ya gada ya tura jirage 200 cike da mutane, wasu 200 da ruwa da guzuri da zinariya, su gano ƙarshen tekun Atlantika. Ɗaya tak ya dawo, matuƙinsa ya ce sun ci karo da wani kogi mai ƙarfi a tsakiyar teku, sauran suka shiga, shi ya juyo. Sarki ya haɗa jirage 2,000 ya tafi da kansa, ya bar wa Musa riƙon ƙwarya.

Malamar Tarihi: Ƙanena, labarin ya ce ya tafi, bai ce ya isa ba. Wanda bai dawo ba, wa ya ba da shaidarsa? Kuma al-Umari, marubucin Larabawa da ya rubuta shi, bai ga Musa ba, a bakin wani hakimin Alƙahira, Ibn Amir Hajib, aka samo shi. Ko sunan Abubakar da kuke liƙa wa sarkin babu shi a ciki. A jerin sarakunan Mali na masanin tarihi Ibn Khaldun, Muhammad ɗan Ƙu ne kafin Musa.

Baban Ummi: Amma Malama, kogin nan fa? Akwai igiyar ruwa da ke bi ta gaɓar Senegal ta karkata yamma har tsibiran Karebiyan. Mai ƙaga labari a ina zai san wannan?

Malamar Tarihi: Wannan kam ka kawo abin dubawa, Alhaji. Ya nuna sun san tekun. Sai dai mutanen Turai ta arewa da suka sauka Kanada wajen shekara ta 1000 sun bar kufai, an tono gidajensu da ƙusoshin ƙarfe. Jirage 2,000 ko tsinke ba su bari ba?

Ɗan Dala: Kawunan dutse da mutanen dā na Olmek suka sassaƙa a Meziko fa? Ku dubi hanci da leɓe!

Auta: Haba Yaya, waɗannan sun girmi daular Mali da shekara fiye da 1,500. Ni abin da ke raina daban ne. Mutum ya hau gadon da ba na mahaifinsa ba, an tambaye shi ina mai gadon, ya ce teku ta tafi da shi. Anya?

Ɗan Dala: Kai Auta, yanzu juyin mulki za ka ɗora wa alhaji guda?

Auta: Tambaya na yi.