Dan Allah a ba ni shawara: batiran solarmu sun mutu, maigida ya ce mu koma janareta

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara don abin nan ya tsaya min a rai. Shekara biyu da suka wuce ni na matsa wa maigida muka saka sola, fanel huɗu da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida) da batir biyu irin masu ruwan nan, sbd hayaƙin janareta yana tayar wa ƙaramar 'yata da tari, duk daren da aka kunna sai ta kwana tana shaƙewa ga ƙara ga warin mai har cikin labule. Wata shidan farko wlh mun ji daɗi, daga nan wuta ta fara ɗaukewa ƙarfe biyun dare, ta dawo sha biyu, yanzu ko isha'i ba ta kaiwa. Wanda ya haɗa mana ya zo ya duba ya ce batiran sun mutu sai dai sabo, kuma tun ranar bai ƙara ɗaga wayata ba. Maigida ya ce shi ya gama da sola, asara ce, mu koma janareta kawai. Ni kuma raina bai so.

Abu na biyu, batiran suna nan a bayan kicin, ɗaya ya kumbura ya tsage ta gefe, wani farin gari ya taru a kan kawunan, jiya na tarar da yarona yana kankare shi da tsinke. Wani mai sayen gwangwan ya ce in sayar masa zai fasa ya cire dalmar. In ba shi? Kuma in sake gwada solar ko in haƙura?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar sola, yau ɗin nan a ɗauke batiran daga inda yara ke wasa, a wanke wa yaron hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Ruwan da ke ciki asid ne, farin garin nan kuma yana iya ɗauke da dalma, ita dalma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba shi da illa a jikin mutum, kuma yara ta fi kamawa don ƙwaƙwalwa take taɓawa. A sa safar hannu ta roba a ɗaga su a tsaye, kar a kwantar da su, a ɗora a cikin roba mai kauri inda ruwan sama ba ya zuwa. Idan yaron ya saba wasa a wajen ki gaya wa likita, akwai gwajin jini da ake yi na dalma.

Sai tambayata: me da me kuke kunnawa da dare? Ki lissafo min komai har cajar waya.

Maman Hanifa:
Innalillahi, ngd Injiniya yanzu zan sa a ɗauke. Ƙwan fitila goma ne irin masu zafin nan na da, fanka uku, talabijin, firji, sai dutsen guga da nake yi wa yara gugar yunifom da daddare, wani lokacin kuma hitar ruwa da asuba in ana sanyi.

Injiniya:
Tou ai kin ba da amsar da kanki. Bari mu yi lissafi a hankali ki nuna wa maigida. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 200Ah yana riƙe wat-awa 2,400 a rubuce, wato 12 sau 200 (wat-awa shi ne ma'aunin wutar da aka ci, wat ɗin abu sau awannin da ya yi a kunne), amma batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, in ana tatse shi ƙarƙaf kullum shi ne yake mutuwa da wuri. Idan irinsa ne naku guda biyu, abin da kuke da shi na gaskiya kusan 2,400 ne a duk dare. Yanzu ƙwan fitila mai wat 60 guda goma na awa shida ya ci 3,600 shi kaɗai, tun ba a zo kan fanka da firji ba. Dutsen guga yawanci wat 1,000 ne ko fiye, hita ma haka ko ta ɗara. Kin ga kullum batiran nan sai sun sauka har ƙasa, washegari fanel huɗu ba su gama cika su ba dare ya sake yi, batirin dalma kuma in ya daɗe ba ya cika wani abu yana daskarewa a jikin farantan cikinsa ya daina karɓar caji.

Laifin wanda ya haɗa ne da bai zauna ya tambaye ku wannan ba tun farko. Amma ga abin daɗin: ƙwan LED mai wat 9 haskensa ya kai na mai wat 60, guda goma na awa shida 540 kawai za su ci. Daga 3,600 zuwa 540 ba tare da an ƙara fanel ko ɗaya ba. Guga a mayar da ita tsakar rana lokacin da fanel ke ba da wuta kai tsaye, hita kuma a cire ta daga layin inbata gaba ɗaya.

Baban Sadik:
Ni dai gsky ina bayan maigidanki. Na saka sola batir bai yi wata goma sha huɗu ba, na canja, na biyun ma haka. Masu cewa a kare muhalli ba su ke fitar da kuɗin batir ba. Janareta in ya lalace ka kira makanike ya gyara a awa ɗaya, batir in ya mutu ya mutu.

Anti Larai:
Baban Sadik ba a ƙi ta taka ba, amma kar a manta dalilin da ya sa baiwar Allahn nan ta bar janareta, yarinya ce ke shaƙewa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da na fi tsoro a janareta ba ma hayaƙin da ake gani ba ne, iskar nan ce kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da kala, mutum yana barci take shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mutane sai su ɗauka gajiya ce su koma su kwanta. Maman Hanifa ko da za ku kunna shi na ɗan lokaci kafin a gyara solar, a waje za a ajiye, nesa da taga da ƙofa kamar mita shida, bakin salansar ya kalli wani wajen, ba a baranda ba, ba a lungun da ke tsakanin ɗakuna ba, ko ana ruwa kar a shigo da shi.

Injiniya:
Baban Sadik ina da tabbacin in ka lissafo naka kayan irin labarin ne. Kuma yanzu akwai batirin litiyam irin wanda ake kira LiFePO4, ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, na dalma kuwa ɗaruruwa ne zuwa dubu da wani abu in an kula da shi. Ya fi tsada a ranar saye, ba zan ɓoye ba, amma ka raba kuɗin da shekarun da zai yi ka gani. Sai dai ko shi ma a saya wajen wanda zai rubuta garanti a takarda, kuma a tabbatar inbatan da ke gidan zai iya cajinsa, don ba kowane tsohon inbata ne ke da saitin litiyam ba.

Fanel ɗinku kuma Hajiya kar ki bari a ce miki sun mutu, da wuya. Yawancin masu ƙera su garantin shekara 25 suke bayarwa kuma ƙarfinsu kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari yake raguwa a shekara. Abin da ke cin su ƙura ce da inuwa, reshen bishiya ɗaya ko inuwar tankin ruwa a gefen fanel guda sai ta ja sauran da ke layi ɗaya da shi ƙasa. A wanke da ruwa zalla da tsumma mai laushi da sassafe kafin su yi zafi.

Malam Ɗanjuma:
Ni ta wani gefen zan zo. Duk wahalar nan ta batir da muke sha, a wasu ƙasashen mai sola a gida bai ma damu da batir ba, sbd doka ta ba shi damar tura rarar wutarsa cikin layin kamfani da rana, mita ta ƙirga, da dare ya jawo. Jamus ta yi dokar makamashi mai sabuntuwa a 2000, aka ce duk wanda ya saka sola za a sayi wutarsa a tsayayyen farashi har shekara 20, ƙasar da ranarta ba ta kai ta kawo ba amma rufin gidaje ya cika da fanel. Wannan buƙatar tana cikin abin da ya sa masana'antu suka buɗe, musamman a Chaina wadda yanzu ita ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan fanel na duniya, farashin fanel ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Ba wai rana ce ta ƙara haske ba, doka ce ta canja lissafin.

An sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015 kan a riƙe ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙarin tsayawa a 1.5, a taron Dubai na 2023 kuma ƙasashe suka amince a ninka makamashi mai sabuntuwa sau uku kafin 2030. Duk wannan magana ce mai kyau amma ni a ganina in ba ta sauko ta zama sauƙin haraji a kan batir, da hana shigo da jabun kaya, da tilasta wa mai sayarwa ya karɓi tsohon batir ba, to irin su Maman Hanifa ne za su ci gaba da ɗaukar nauyin su kaɗai. Sai dai fa tura wuta cikin layi yana aiki ne inda layin ke da wuta a tsaye, inda ake yawan ɗaukewa dole sai da batir.

Anti Larai:
Malam ka taɓo inda nake so, maganar karɓar tsohon batir. Maman Hanifa dan Allah kar ki ba mai fasawan nan. Na san za ki ce ai in ya tafi da shi ya bar gidanki, amma ina zai kai? Zai zubar da ruwan a ƙasa ko a kwata, ya fasa da gatari, ya narka dalmar a buɗaɗɗen wuri, ƙurar ta sauka a tsakar gidan wasu inda 'ya'yansu ke rarrafe. A wata unguwa da ake kira Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu sanadin gubar dalma daga irin wannan sana'ar ta fasa batir, iyaye mata ne ke tankaɗe ƙasar wajen suna tsince dalma da goyo a bayansu. Tunda na karanta labarin nan ban ƙara kallon mataccen batir a matsayin tarkace ba.

Kuma abin haushin shi ne batirin dalma yana cikin abubuwan da aka fi iya sake sarrafawa a duniya, a Amurka kusan kashi 99 cikin 100 ake maidawa masana'anta. Ki tambayi dilan da za ku sayi sabo ko yana karɓar tsoho ya rage muku kuɗi, da yawa suna yi, sannan ki tambaye shi kai tsaye ina yake kaiwa, in ya kasa faɗin sunan masana'anta mai lasisi ki nemi wani, ko ki tuntuɓi hukumar kula da muhalli ta inda kike.

Baban Sadik:
Tou naji, maganar dalmar nan ta girgiza ni don nawa guda huɗun ma mai gwangwan na ba. Allah ya yafe mana. Amma Injiniya shi litiyam ɗin in ya mutu ina ake kai shi? Kar mu gudu daga wannan mu faɗa wancan.

Injiniya:
Tambaya ce mai kyau kuma ba zan yi maka daɗin baki ba, sake sarrafa litiyam bai kai na dalma tsari ba har yanzu, wuraren da ke yi ba su da yawa. Abin da ya fi shi ne babu dalma a ciki, irin LiFePO4 kuma babu kobalt, wani ƙarfe da ake sa wa wasu batiran litiyam, sannan wanda zai yi shekara takwas ko goma ya rage yawan gawar batir da za ka tara. Shi ma ba a jefa shi a bola ba a ƙona shi ba a huda shi, yana iya kamawa da wuta. Shi ya sa nake ta nanata rage lodi, gidan da ya koma LED da fanka mai cin wuta kaɗan ƙaramin batir zai ishe shi.

Maman Hanifa:
Jama'a Allah ya saka da alheri ya raya muku zuri'a. An ɗauke batiran, suna cikin wata tsohuwar robar wanki a ɗakin ajiya na kulle, na share wajen na wanke, gobe in sha Allah zan kai yaron asibiti in faɗa musu. Na karanta wa maigida lissafin Injiniya ya yi shiru, can ya ce a kawo masa biro ya sake bugawa da kansa, da ya ga 3,600 da 540 sai ya ce a fara canja ƙwayayen fitilar a satin nan, maganar batir kuma a ba shi zuwa ƙarshen wata. Na hau sama da yamma na duba fanel ɗin, ƙura ta yi musu kauri har na rubuta da yatsa ya fito, kuma inuwar tanki tana rufe rabin na ƙarshen tun daga la'asar. Injiniya tankin za a matsar ko fanel ɗin? Kuma a jikin inbatan an rubuta 24V, in turo maka hoton takardar da ke manne a bayansa ka duba min ko zai ɗauki litiyam?