Neman shawara: in sa hannu a takardar ƙungiyar ƙwadago ko in kame bakina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani kamfanin roba a Kano, a sashen injin narkarwa. Mun haura mutum ɗari, amma yawancinmu ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke mu. Awa 12 muke yi a tsaye, babu kuɗin obataim, wanda inji ya ji wa ciwo kuwa sai a kai shi kemis a sallame shi. Yanzu wasu abokan aiki suna zagayawa da takarda a ɓoye don a buɗe mana reshen ƙungiya. Manaja ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce duk wanda ya sa hannu ya fara neman wani aikin. Ina da mata da yara uku. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka sa hannu. Ni na yi aikin masaƙa a Kaduna tun zamanin da Adams Oshiomhole yake babban sakataren ƙungiyarmu. Ƙarin albashi, kuɗin dutin dare, hutun shekara, duk a teburin ciniki aka ƙwato su, babu wanda mai kamfani ya ba mu don yana son mu. Ma'aikaci shi kaɗai ba ya da murya, amma in dubu suka kashe inji, dole a zauna da su. Sai dai ka san iyakar ƙungiya. Da matsalar wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka kwantar da masaƙu, masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, masaƙar UNTL a 2007, ƙungiya tana gani ba ta iya hanawa ba. Ku duba ko kamfaninku yana ciniki kafin ku tsawwala buƙatu.

Wata malamar makaranta, Zariya:
Baba, a yi min afuwa, ni kam ban cika ba mutum ƙwarin gwiwa ba. Wata-wata ana cire mana kuɗin ƙungiya tun kafin albashi ya iso hannu. Da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a Janairun 2018, aka janye, korar kuma ta tabbata. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki a 2022, gwamnati ta riƙe albashinsu da dokar ba aiki ba biya. Waɗannan fa ma'aikatan gwamnati ne masu takardar ɗauka. Ƙanena, kai da ke hannun ɗan kwangila, wa zai ciyar da yaranka in aka rufe maka get? Kuma sau da yawa shugabannin reshe su ne ake fara kira ofis a lallashe su.

Wani mai aikin lauya:
Malama ta faɗi gaskiya, amma doka tana tare da kai, malam. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin shiga ƙungiya, Dokar Ƙwadago kuma ta haramta korar mutum saboda hakan. Ta kuma wajabta a ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ya shafi duk kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama, kuma shi ma matsin manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, ne ya kawo shi daga 30,000. Matsalar ita ce shari'a a kotun ma'aikata tana jan lokaci, kamfani kuma zai ce bai san ka ba, ɗan kwangila ya sani. Saboda haka tun yau ka adana katin aikinka da alat ɗin albashi da duk wata takarda mai sunan kamfanin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bincika, waɗanda suka sa hannu ba su kai talatin ba.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
To kada takardar nan ta isa gaban manaja yanzu, talatin cikin ɗari korar su ba wuya. Ku ci gaba da tarawa a hankali har ku zama mafi rinjaye, musamman masu kula da injuna da ba a maye gurbinsu a rana ɗaya. Sannan ku je ofishin NLC na jiha su haɗa ku da uwar ƙungiyar da ta shafi sana'arku, ita za ta rubuta wa kamfani, ba ku ba.