Wace shawara aka taɓa ba ku da har yau kuke cin moriyarta?

Malama, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kowa ya kawo shawara ɗaya da aka ba shi baki da baki, ya gwada, ta yi masa rana. Don Allah ban da "a yi haƙuri", wannan kowa an gaya masa.

Ɗan Aliero:
Wa alaikumus salam Malama. Tawa ta Baba ce, Allah ya jiƙan shi. Ya ce kada in kai albasa kasuwa ranar da kowa ke kaiwa. Lokacin cira, wajen watan Maris, masu saye kan taya buhu yadda suka ga dama, don sun san kowa kuɗi yake nema. Shi sai ya kasa ta uku: kashi ɗaya a sayar a sallami 'yan ƙwadago da kuɗin man injin ban ruwa, biyu a zuba a rudu. Sai dai ajiyar ba ta malalaci ba ce. Dole a riƙa shiga ana juyawa, ana tsince wadda ta fara ruɓewa kafin ta shafi sauran. Idan damina ta yi nisa albasa ta yi wuya, buhun nan da aka raina shi ke biya wa yara kuɗin makaranta.

Manomi daga Suru:
Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, kowa a garinmu fadama ya nufa, har wasu suka jinginar da gonakin tudu. Kawuna ya kira ni ya ce: "Ɗana, shinkafa ta aljihu ce, gero na ciki. Ko kwano goma za ka samu, kada ka bar tudu." A 2020 ruwa ya zo ya shanye fadama ana dab da yanka. Geron nan muka ci, har maƙwabta suka samu na kunu. Haka muka lallaɓa zuwa noman rani.

Maman 'yan biyu, Jega:
Goggona ce, daren da za a kai ni ɗaki: ki riƙe ko akuya ɗaya da sunanki. Yanzu tumaki nake kiwo, ban jiran kowa kan kuɗin sabulu.

'Yar Yauri:
Mu na bakin ruwa tamu daban ce. Inna kullum cewa take, jirgin da ya cika ba naki ba ne, ko da kasuwa za ta watse. Masu jirgi kan yi ta kira wai da sauran wuri, ga buhuna, ga babura, ga mutane a kai. Ni dai sai in koma gindin itace in jira na baya, abokan tafiya na yi mini dariya. Tun hatsarin Warrah na watan Mayun 2021, da jirgi ya nutse ɗauke da mutum fiye da 150, ba wanda ya sake ce mini matsoraciya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Alhaji, Kamba:
Amin. Amma Ɗan Aliero, shawarar mahaifinka ta mai hali ce. Wanda ya ci bashin taki, mai kuɗi na tsaye a bakin gona, ina ya ga ta ajiya?

Ɗan Aliero:
Gaskiya ne Baba Alhaji. Shi ya sa marigayin bai taɓa noma fiye da abin da aljihunsa zai ɗauka ba. Gonarsa ƙarama ce, mutane har gori suke yi masa.

Malama, Birnin Kebbi:
Maman 'yan biyu, akuyar farkon wa ya saya miki, Goggon ko maigidan?

Maman 'yan biyu, Jega:
Wane maigida! Kuɗin ƙuli-ƙulina ne, Malama.